Makarantun 'Yan Mata Masu Zaman Kansu a Ƙasar Zuru: Da Wane Ma'auni Iyaye Za Su Auna Gamsuwarsu?

Tun daga watan Nuwamban 2025, babu maganar da ta fi damun iyayen 'yan mata a masarautar Zuru kamar ta makarantar da za su kai 'ya'yansu. A kasuwa da majalisa, a masallaci da majami'a, tambayar ɗaya ce: shin a bar yarinya a makarantar gwamnati ta kwana, ko a ɗaure a nemo kuɗi a mayar da ita makaranta mai zaman kanta, ko kuwa a zaunar da ita a gida? Da yawa daga cikin iyayen da suka kai 'ya'yansu makarantun kuɗi, musamman na 'yan mata zalla, suna nuna gamsuwa da abin da suke gani, har suna ba maƙwabta shawarar su bi sahu. Manufar wannan sharhi ita ce mu duba tushen wannan gamsuwa, mu ga inda take da hujja da inda take buƙatar a sake aunawa, sannan mu tunatar da kanmu halin yarinyar da iyayenta ba su da zarafin yin zaɓin.

Abin da ya kawo mu nan

Idan ba a manta ba, da asubahin ranar Litinin 17 ga Nuwamba, 2025, 'yan bindiga suka kutsa makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka yi awon gaba da ɗalibai 25. Ɗaya ta kuɓuta, sauran 24 kuwa Allah ya ƙaddara sun samu 'yanci a ranar 25 ga watan. Mai Girma Gwamna, Dokta Nasir Idris, Kauran Gwandu, ya bayyana a fili cewa sojojin da aka girke a wurin sun janye jim kaɗan kafin harin, ya kuma nemi a binciki wanda ya ba da umarnin janyewar. A cikin wannan yanayi ne gwamnatin jiha ta rufe makarantun sakandare, na gwamnati da masu zaman kansu, sai a farkon watan Janairun 2026 aka fara buɗe waɗanda ke cikin manyan garuruwa.

Ba wannan ne karo na farko da iyaye a Jihar Kebbi suka ɗanɗana irin wannan ɗaci ba. A ranar 17 ga Yuni, 2021, an kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, kuma 'yan mata 11 daga cikin waɗanda aka sace sun ci gaba da zama a hannun ɓarayin daji har zuwa shekarar 2023. Kafin nan kuma akwai Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe ta maƙwabciyarmu Zamfara a 2021. Duk uban da ya bi waɗannan labarai, ba za a ga laifinsa ba idan gabansa ya faɗi da jin kalmar makarantar kwana. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Sai dai sanin kowa ne cewa mutanen ƙasar Zuru ba baƙin karatun boko ba ne. Tun zamanin Turawa 'yan mishan suka buɗe makarantu a yankin, kuma ɗimbin 'ya'yan yankin da suka yi aikin soja sun zaga ƙasa, sun ga amfanin takarda, sun dawo gida da ƙudurin 'ya'yansu su yi karatu. A shekarar 2020 kuma Kwalejin Koyon Aikin Gona ta Zuru ta zama jami'ar tarayya. Saboda haka iyaye da yawa a nan ba su ɗauki zaunar da yarinya a gida a matsayin mafita ba. Abin da suke nema shi ne wurin da za ta yi karatu su kuma su yi barci da ido biyu rufe. Nan ne makarantu masu zaman kansu suka samu ƙarin kasuwa, na mishan da na ƙungiyoyin Musulunci da na ɗaiɗaikun mutane, a cikin garin Zuru da ma wasu biranen kamar Birnin Kebbi da Sakkwato da Kontagora da Minna, inda masu hali ke tura 'ya'yansu.

Abin da iyaye ke yabawa

Idan muka saurari iyayen da 'ya'yansu ke irin waɗannan makarantu, yabon da suke yi ba ya wuce wasu 'yan abubuwa, kuma dukkansu suna da tushe.

Na farko shi ne samun malami a aji. Mai makaranta yana zaune a harabar makarantarsa, ya san wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma malamin da ya yi fashi ya san zai gani a albashinsa. Uwa takan buɗe littafin 'yarta da daddare ta tarar an ba ta aikin gida, an kuma duba na jiya da jan biro. Ga wanda bai yi boko ba ma, wannan shaida ce da ido ke iya gani.

Na biyu shi ne kusanci. Uban da ke biyan kuɗi yana jin yana da bakin magana. Yana da lambar wayar shugabar makaranta, idan yarinya ba ta da lafiya ana kiran sa, idan ya kawo kuka ana saurarar sa, domin an san zai iya ɗauke 'yarsa a ƙarshen zango.

Na uku shi ne raba maza da mata. Iyaye da yawa, Musulmi da Kirista, sun fi samun kwanciyar hankali idan yarinyar da ta fara girma tana cikin 'yan'uwanta mata. A irin wannan makaranta mace ce shugabar ɗalibai, mace ce ke zuwa ta ɗaya a lissafi, mace ce ke wakiltar makaranta a gasar kacici-kacici, kuma yarinya mai kunya takan samu bakin yin tambaya a aji. Akwai gidajen da ba za su taɓa barin yarinya ta wuce firamare ba in ba don akwai makarantar mata zalla ba. Wannan gaskiya ce da ya kamata duk mai tsara harkar ilimi ya riƙe.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi a yanzu, shi ne yarinya ta kwana a gida. Yawancin ƙananan makarantun kuɗi na jeka-ka-dawo ne, kuma a tsakiyar gari suke. Uwa tana ganin 'yarta da safe, tana ganin ta da yamma.

Babu shakka waɗannan dalilai ne masu ƙarfi, kuma masu makarantun da suka riƙe amana sun cancanci a yaba musu, domin sun rage wa gwamnati nauyi a lokacin da ake cikin tsanani. To amma gamsuwa abu ne na zuciya, ita kuwa zuciya takan natsu da fenti mai kyau da kayan makaranta masu guga. Ga wuraren da muke ganin ya kamata iyaye su ƙara sa ido.

Tsaro

Kwana huɗu kacal bayan harin Maga, a ranar 21 ga Nuwamba, 2025, aka kai hari makarantar St. Mary ta cocin Katolika da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja, aka kwashe ɗalibai da ma'aikata sama da 200, kuma kashin ƙarshe bai samu 'yanci ba sai bayan wata guda. Wannan makaranta ba ta gwamnati ba ce. Darasin da ke ciki shi ne ɓarawon daji bai damu da wanda ya mallaki makaranta ba. Abin da yake dubawa shi ne nisanta da gari, kusancinta da daji, tsawon katangarta, yawan ɗaliban da ke kwana a wuri ɗaya, da kuma tsawon lokacin da jami'an tsaro za su ɗauka kafin su iso.

Don haka uban da ya ɗauke 'yarsa daga makarantar kwana ta gwamnati ya kai ta wata makarantar kwana ta kuɗi da ke bayan gari, bai rage haɗari ba, kuɗi kawai ya ƙara. Kafin a biya ko sisi, a je da ƙafa a duba. Katangar ta zagaye makarantar ko gaba kawai aka gina? Masu gadi nawa ne da dare, kuma wa za su kira idan suka ga baƙin fuska? Akwai layin waya mai ƙarfi a wurin? Mace nawa ce ke kwana tare da ɗalibai? Wa aka yarda ya zo ya ɗauki yarinya, kuma ana rubutawa? Su ma iyayen ɗaliban jeka-ka-dawo suna da tasu tambayar, wato ta hanya: wa ke kai yarinya, wane ɗan acaɓa ne ke ɗauko ta, kuma ƙarfe nawa ya kamata a gan ta a gida? Tun shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaron makarantu da kare ɗalibai daga cin zarafi, kuma manufar ba ta ware makarantu masu zaman kansu ba.

Sakamakon jarrabawa

Babban abin da makarantar kuɗi ke tallata kanta da shi shi ne sakamakon WAEC da NECO. Kowa ya san sai da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, ake shiga jami'a, saboda haka uba yakan ji daɗi idan aka ce duk ɗaliban bara sun ci. A nan ma a yi hattara. Ba ɓoyayyen abu ba ne a faɗin ƙasar nan cewa akwai cibiyoyin da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo bayan an karɓi wani kuɗi na musamman. Yarinyar da aka saya wa sakamako takan tarar da gaskiya tana jiran ta a gaban kwamfutar jarrabawar JAMB, ko a shekarar farko ta makarantar koyon jinya, inda ran mutum zai koma hannunta. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Akwai gwajin da kowane gida zai iya yi ba tare da biyan kowa ba. A ba yarinya takardar asibiti ko ta taki ta karanta ta bayyana abin da ke ciki da Hausa ko da C'lela. A sa ta lissafa kuɗin buhunan dawa da aka sayar, ta cire na dako da na mota. A tambaye ta yaushe rabon da su shiga ɗakin gwaje-gwaje, kuma da hannunta ta taɓa kayan ko a allo aka zana musu. Amsar da za ta bayar ta fi takardar sakamakon zango faɗin gaskiya.

Har ila yau, a tabbatar makarantar tana da amincewar Ma'aikatar Ilimi, kuma hukumomin jarrabawa sun amince da ita a matsayin cibiya. Makarantar da ba ta da wannan takan kai ɗalibanta wata makarantar su yi rajista, kuma a nan ne ake samun ɓatan suna da riƙe sakamako. Iyayen da ke tunanin canza wa yarinya makaranta su kuma lura cewa a watan Disamban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da hana karɓar sababbin ɗalibai a aji uku na babbar sakandare daga shekarar karatu ta 2026/2027, a makarantun gwamnati da masu zaman kansu. Duk wanda zai yi canji, ya yi shi tun kafin ajin ƙarshe.

Malamai da kuɗin makaranta

Mafi ƙarancin shaidar da doka ta amince da ita ga malami a Nijeriya ita ce NCE, tare da rajista a hukumar malamai ta ƙasa. Haƙƙin uba ne ya tambaya wa ke koyar da lissafi da Turanci da darussan kimiyya, me ya karanta, kuma shekara nawa ya yi a makarantar. Ƙaramar makarantar kuɗi ba ta da wata hanyar samun kuɗi sai aljihun iyaye. Idan kuɗin makaranta ya yi ƙasa, albashin malami ne ke biya, shi kuwa malamin da albashinsa bai kai shi tsakiyar wata ba, yana samun wani aiki zai tafi. A shekarar 2024 gwamnatin Kebbi ta amince da naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin ma'aikatanta, kuma duk makarantar da ke biyan abin da ya yi nisa da wannan, da wuya ta riƙe ƙwararren malami. Ajin da aka canza wa malamin lissafi sau uku a shekara ba ya gama manhaja.

Ta ɓangaren iyaye kuwa, tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, daga kuɗin mota zuwa na abinci da na littattafai. Manomi yana da wata matsalar ta daban: zangon farko yana farawa ne a watan Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani kuma bai iso gida ba. Sai ya ci bashi, ko ya sayar da akuya, ko ya karyar da amfaninsa da kaka lokacin da farashi ya faɗi. Shawararmu ita ce kafin a sa yarinya, a nemi a rubuce jimillar abin da za a biya a shekara, har da kayan makaranta da littattafai da kuɗin jarrabawa da na bikin yaye ɗalibai, a karɓi rasit a kan kowane biya, sannan a yi lissafin shekara shida. Yarinyar da aka fara da ita a makarantar kuɗi aka cire ta a aji huɗu saboda bashi, ta fi wadda ta yi shekara shida cur a makarantar gwamnati asara. Masu makarantu kuma za su kyauta idan suka amince manoma su riƙa biya kashi-kashi har zuwa bayan girbi.

Bakin yarinya

Duk lokacin da ake maganar gamsuwa, iyaye ake tambaya, alhali yarinya ce ke zaune a ajin. Akwai abubuwan da ba za ta faɗa wa mahaifinta ba: banɗaki babu ruwa, babu wurin da za ta kintsa lokacin al'ada, abinci ba ya isa, ko wani malami yana yi mata maganar da ba ta dace ba. Kasancewar ɗalibai duka mata bai sa ma'aikata duka suka zama mata ba. Aikin uwa ne ko gwaggo ko yaya ta zauna da ita a keɓe ta tambaye ta, kuma idan ta faɗi abu a bincika kafin a tsawata mata. A makarantun kwana a duba cunkoson ɗakin kwana da shigar iska da rigakafi, domin ba mu manta da ɓarkewar sanƙarau a ƙananan hukumomin Gwandu da Aliero da Jega a shekarar 2025 ba.

Wadda aka bari a baya

Duk wannan bayani ya shafi wanda ke da zaɓi ne. Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu, kuma mafi yawan jama'arta a karkara suke. Yarinyar da ke wani ƙauye a bayan Ribah ko Wasagu ko Mahuta ko Dirin Daji ba ta da makarantar kuɗi kusa, mahaifinta ba shi da kuɗin, wataƙila ma rashin tsaro ya hana shi noma gonarsa ta nesa. Dalilin kafa makarantun kwana irin ta Maga tun asali shi ne a kusantar da sakandare ga irin wannan yarinya. Idan 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa suka koma makarantun kuɗi, masu bakin da za su matsa a gyara makarantar gwamnati sun ragu ke nan. Ita kuwa 'yar talaka, kowane wata da ta yi a gida yana ƙara kusantar da ita ga talla, ko aikatau a birni, ko auren da bai zo da lokacinsa ba. Daga cikin irin waɗannan 'yan mata ne ake sa ran samun ungozoma da malamar jinya da malamar makaranta da za su yarda su zauna a ƙauyukanmu.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta ilimi kyauta na shekara tara, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, ga kowane yaro, mace ko namiji. Bugu da ƙari, Kebbi tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na bunƙasa ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, domin gina azuzuwa da gyara makarantu da tallafa wa gidajen marasa ƙarfi. Waɗannan tanade-tanade ba za su yi amfani ba sai iyaye sun amince cewa wurin da za su tura 'ya'yansu yana da tsaro. Nauyin samar da wannan amincewa yana kan hukuma, kuma babu yawan makarantun kuɗi da zai sauke shi.

Kira ga jami'ai da shugabannin al'umma

Ga jami'an ilimi na shiyya da na ƙananan hukumomi, ya kamata ziyarar duba makarantu ta haɗa da masu zaman kansu, a duba takardar amincewa da shaidar malamai da katanga da ruwa da banɗaki, a kuma manna sunayen makarantun da aka amince da su a sakatariyar ƙaramar hukuma inda kowa zai gani. Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, su ne suka san gidan da yarinya ba ta koma makaranta ba tun bayan rufewar Nuwamban 2025. A tattara sunaye, a ziyarci iyaye da lalama, a nemo wa yarinya gurbi a makarantar jeka-ka-dawo mafi kusa ko a gidan 'yan'uwa a cikin gari. Ga limamai da fastoci, jama'a na jin maganarsu, su yi amfani da ita wajen mayar da yara aji. Ga ƙungiyoyin iyaye da malamai, taro ya wuce na sanar da ƙarin kuɗi. A riƙa tambayar lissafi, a zaɓi iyaye mata cikin shugabanni, a ba su damar shiga ɗakin kwana da ɗakin girki ba tare da sanarwa ba. Ga kowa da kowa kuma, duk wanda ya ga baƙin babura ko wani motsi da bai gane ba kusa da makaranta, ya sanar da mai gari da jami'an tsaro nan take. Rigakafi ya fi magani.

A taƙaice, uban da ya ce ya gamsu da makarantar 'yarsa, muna taya shi murna, muna kuma roƙonsa ya tabbata ya zagaya katangar da ƙafarsa, ya ji karatun yarinyar da kunnensa, ya riƙe rasit a hannunsa, mahaifiyarta kuma ta ji ta bakinta. Bayan haka ya waiwayi 'yar maƙwabcinsa da ke zaune a gida, ya tambayi dalili. Allah ya kare mana 'ya'yanmu, ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a bakin aiki, ya dawo da zaman lafiya a ƙasar Zuru da Jihar Kebbi da Nijeriya baki ɗaya, amin.